Inna Ta Ce Ba Za Ta Kwana a Gindin Dutsen Wuta Ba

Assalamu alaikum Malam,

Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Haɗeja, ina kuma taɓa sayen riɗi da kaka. Mahaifinmu ya rasu tun autarmu tana firamare, Inna ce ta riƙe mu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yau autar nan ta samu tallafin karatu, tana ƙarasa digiri na biyu a birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya, kuma cikin watan Agusta za a yaye su. Allah ya rufa asiri a kasuwar riɗin bana, sai na ƙudura in ɗauki Inna da maiɗakina da yaranmu biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara huɗu, mu halarci bikin mu kuma huta kamar kwana goma. Tun da nake ban taɓa kai su ko'ina don hutu ba.

To sai wani jikanta ya nuna wa Inna bidiyo a waya, wai ga dutsen da ke kusa da garin yana aman wuta, mutane na gudu toka ta rufe su. Tun daga ranar ta ce ita ba za ta kwana a gindin dutsen wuta ba, har tana cewa a dawo mata da 'yarta. Ta doshi saba'in, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Baffanmu kuma ya ce almubazzaranci ne, gara in kai ta Umra, alhali ta riga ta sauke farali. Maiɗakina tata daban: ta cika takarda da wuraren da take son gani, har da wani tsibiri wai shi Bali. Ita kuwa auta in mun yi waya sai kuka, wai kowa iyayensa za su zo. Akwai kuma wani a Kano da ya ce in ba shi rabin kuɗi zai fito mana da biza cikin mako biyu. Malam, hutu na so mu yi, ga shi tun ba a tashi ba kaina ya ɗau zafi. Ina mafita?

Ɗan'uwanka daga yankin Haɗeja

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa Inna da alheri. Matar da ta tsaya a bakin kaskon ƙuli-ƙuli har 'yarta ta kai digiri na biyu ta cancanci a zaunar da ita a sahun gaba ranar bikin, don haka niyyarka ba ta da aibu. Sai dai ka faɗa mini abin da Baffa ya ce, da abin da maiɗakinka ta rubuta, da kukan auta, amma ban ga inda ka zauna da Inna ka tambaye ta ko tana son tafiyar ba tun kafin bidiyon nan ya shigo gida. Riƙe wannan a ranka, mu fara sauke maganar dutsen tunda ita ta tsaya wa kowa a wuya.

Sunansa Merapi. Yana arewa da birnin da nisan kusan kilomita 30, wato ya fi nisan Haɗeja zuwa Malam Madori, tsayinsa kuma ya kai wajen mita 2,900. Kada ka ce wa Inna ƙarya aka nuna mata, don ba ƙarya ba ce. Yana cikin duwatsun da suka fi yawan tashi a Indonesiya, kuma a 2010 ya yi tashin da aka shekara fiye da ɗari ba a ga irinsa ba. Ya fara ranar 26 ga Oktoba, ya fi muni a daren 5 ga Nuwamba, mutum sama da 350 suka rasu, aka kwashe dubban ɗaruruwa daga ƙauyukansu. Abin da ya fi kisa wani gajimare ne na toka da iska mai tsananin zafi, wanda ke gangarowa ta kwazazzabai da gudun da ya fi na mota. Mutanen wurin suna kiransa wedhus gembel, wato akuya mai cukurkuɗaɗɗen gashi, saboda yadda yake tafe yana murɗewa. Waɗanda ya rutsa da su mazauna ƙauyukan jikin dutsen ne da na bakin kwazazzaban, cikinsu har da wani dattijo mai suna Mbah Maridjan, wanda fadar sarkin garin ta naɗa mai kula da dutsen, ya ƙi barin gidansa. Birnin kansa toka ya sha, aka rufe filin jirgi na kwanaki, amma gajimaren bai iso shi ba. Ko a tsakiyar wancan tashin, iyakar da aka shata aka ce kowa ya fita kilomita 20 ce daga ƙololuwar.

Akwai hukumar gwamnati a cikin Yogyakarta wadda ke sa wa dutsen nan ido dare da rana da na'urori. Matakan gargaɗinsu huɗu ne: Normal, Waspada, Siaga, sai Awas, wanda shi ne na a tattara a gudu. Tun Nuwamba 2020 aka ɗora Merapi a mataki na uku, ya kuma shafe shekaru a haka ana cin kasuwa, yara na zuwa makaranta, jami'o'i na yaye ɗalibai. Abin da aka hana shi ne hawa dutsen da kuma kusantar ƙololuwarsa da kilomita uku zuwa bakwai, gwargwadon ɓangaren da mutum yake. Ana sa rahoton kullum a shafin intanet na gwamnati mai suna MAGMA Indonesia, auta za ta iya karanto maka.

Kai ɗan bakin kogi ne, za ka fi kowa gane zamansu da dutsen. Kogin Haɗeja yana cin gonaki da gidaje wasu shekarun, amma ba wanda ya tashi daga fadama saboda haka, don ruwan da ke ɓarna shi ne ke ba da shinkafa da alkama da kifi. Kun san watan da yake cika, kun san unguwar da yake fara shiga, kuna kasa kunne in an ce za a saki ruwa daga Tiga. Haka su ma. Tokar dutsen ce takinsu, shi ya sa ƙasar wurin take da albarkar noma, har yashin da ya amayar ma haƙa suke yi suna sayarwa. Na taɓa yin 'yan kwanaki a garin. Da na idar da sallar asuba na hau saman masaukina, sai ga dutsen can nesa tsaye fes, wani siririn farin hayaƙi na fita daga kansa kamar an hura murhu. A ƙasa wata tsohuwa na share ƙofar gidanta, wani magidanci ya ɗora yara biyu a babur zai kai su makaranta, ba wanda ya ko ɗaga kai. Kafin hantsi girgije ya rufe shi, ban sake ganinsa ba sai washegari.

Abu ɗaya zan ƙara maka don kada ka ji shi a bakin wani: yankin yana da girgizar ƙasa. Wadda aka yi ranar 27 ga Mayu 2006 ta kashe sama da mutum 5,700, akasari a Bantul da ke kudu da birnin, wato ta fi tashin dutsen ɓarna nesa ba kusa ba. Ita ba ta da mataki na ɗaya ko na huɗu. Abin da ke hannunka shi ne ka kama masauki mai ingancin gini, ɗakin Inna a ƙasa kusa da ƙofa, wanda dama gwiwarta ke buƙata.

Yanzu Inna. Ina zaton tsoron nan ba na kanta ba ne kawai. Ka duba abin da ta ce: a dawo mata da 'yarta. Uwa ce ta wayi gari ta gano cewa shekara biyu autarta na kwana kusa da wannan abu ba wanda ya gaya mata. Akwai tsoro a ciki, akwai kuma ɗan fushi, kuma lissafin kilomita ba ya maganin fushi. Ka same ta ita kaɗai bayan isha'i, ba Baffa ba jikoki, ka ba ta haƙuri a kan rashin sanar da ita. Sannan ka sa auta ta kira ta da bidiyo da sassafen can, ta fita bakin titi ta nuna mata masu sayar da abinci da masallacin unguwa, ta juya wayar ta nuna mata dutsen yadda yake can nesa. Gani ya kori ji. Suna gabanmu da awa shida, don haka ƙarfe shida na safensu sha biyun darenmu ne, sai a daure a yi hira rana ɗaya. Ka kuma ja kunnen auta ta daina kukan nan a waya. Kewa ce ke damunta, na sani, amma tsohuwar da aka ɗauko da kukan 'ya, ba da son ranta ba, duk abin da ya same ta a hanya kai za ka kwana da shi. Bayan haka ka ba Inna mako guda. In ta ce a'a, maganar tafiyarta ta mutu, kada ka aika mata malamin unguwa ko aminiyarta su yi ta lallashi.

In ta ce to, likita ne na gaba, tun kafin fasfo. A gaskiya tafiyar ta fi dutsen ba ni tsoro a kanta. Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Indonesiya. In kun bi ta Doha, wajen awa bakwai ne zuwa can, sai jira, sai wajen awa tara zuwa Jakarta, birni mafi girma a Indonesiya, sai wani ƙaramin jirgi na awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Yogyakarta, inda sabon filin jirgin ma yake da nisan kilomita 40 da wani abu daga gari. Haɗa da fitowa daga ƙauye, kun fi kwana guda cur a hanya. Na taɓa raka mahaifiyata Umra, tafiyar da ba ta kai rabin wannan ba, muka sauka ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga, a hannu na riƙe shi tana takawa da safa. Daga ranar na koyi neman keken tura marasa ƙarfi tun wajen sayen tikiti. Kyauta ne, kuma ba abin kunya ba ne. Ka nema wa Inna a kowane filin jirgi, ka zaɓa mata kujerar bakin hanya, ka riƙa tashinta ta ɗan taka duk bayan awa biyu, ka tambayi likita batun safar matse ƙafa. Ku kwana ɗaya a Jakarta kafin ku ƙarasa. Magungunanta su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu, da takardar likita, har da rarar mako guda ko da toka za ta sa a ɗage jirgi. Saboda wannan dalilin ne kuma za ka sayi tikitin da ake iya canza wa rana, ka yi wa kowa inshorar lafiya ta tafiya.

Shi kuma mutumin Kano, kada ka ba shi ko sisi. Najeriya ta daɗe cikin 'yan tsirarun ƙasashen da Indonesiya ke yi wa tantancewa ta musamman kafin ta ba da biza: sai an samu wanda zai tsaya muku a can, sai kuma hukumar shige da ficensu ta duba ta amince. Wanda ya yi maka alƙawarin mako biyu ya yi alƙawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Hanyar da ta dace ita ce auta ta je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arta ta nemi takardar gayyatar iyali, ta tambayi yadda ake samun mai tsayawa, kai kuma ka tuntuɓi ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja da kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku fara yanzu. Fasfon kowa ya zama da sauran aƙalla wata shida, yara ma kowa da nasa, sai katin rigakafin shawara, ta ciwo nake nufi ba irin wadda ka zo nema wurina ba. Kada ka biya kuɗin tikiti ko masaukin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Ga wani kashedi da nake so ka maimaita wa maiɗakinka. Kada ɗayanku ya karɓi saƙon kowa, ko ƙullin yaji ne, ko ɗan garinku ne ya kawo a kai wa ɗansa. Dokar ƙwaya a Indonesiya ta kai ga kisa, kuma a 2015 da 2016 an zartar da hukuncin a kan 'yan Najeriya. Kuka da kuɓewa da daddawar da Inna za ta ƙulla wa auta, ku daka da hannunku, ku zuba a leda mai nuna ciki, ku bayyana su ga jami'an kwastan. Kilishi kuwa a bar shi a gida, ƙasashe ba sa wasa da shigo da nama.

Takardar maiɗakinka kada ka yi mata dariya. Mace ce da ba ta taɓa fita hutu ba, ta ga dama ɗaya tana so ta kwashe duka. Amma ka nuna mata cewa Bali wani tsibiri ne daban, sai an sake hawa jirgi, an sake ɗaure kaya, an sake neman masauki da tsohuwa da 'yar shekara huɗu. A kwana goma, uku sun tafi a hanya, biyu na warware gajiya ne don barci zai juye muku, ɗaya na biki. Saura huɗu. Ku yi yarjejeniya: masauki ɗaya daga farko har ƙarshe, fita ɗaya a rana, da safe, a dawo kafin azahar. Ku kama gida sukutum mai ɗakin girki maimakon ɗakunan otel, ya fi sauƙi ga mutum biyar, Inna kuma ta samu kokonta da safe. Sannan ka ware wa maiɗakinka yini guda nata ita da auta, kai ka zauna da Inna da yara. Su tafi kasuwar Beringharjo da titin Malioboro su sha kallon batik, wato yadinsu mai zane da ake rinawa da kakin zuma. Ka gaya mata atamfar Holan da ke cikin lefenta daga nan ta samo asali: Turawan Holan da suka mulki ƙasar ne suka kwaikwayi rinin kakin zuma na mutanen Jawa, tsibirin da garin yake, suka mai da shi na inji, ya ƙare a kasuwanninmu. Ina jin wannan yinin zai fi mata Bali.

Wuraren da za ku je tare ba su da wahala. Fadar sarkin, wadda suke kira Kraton, an gina ta tun wajen 1755, kuma sarkin na yanzu, Hamengkubuwono na 10, shi ne ma gwamnan yankin, abin da zai ba duk wanda ya san zaman sarauta da gwamnati a wajenmu mamaki. Kusa da ita akwai babban masallacin Kauman na 1773, a unguwar da Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Musulunci ta Muhammadiyya a 1912. Akwai keken doki da zai zaga da Inna ba tare da ta taka ba. Yara ka kai su gidan namun daji na Gembira Loka. Borobudur, tsohon wurin bautar mabiya Buddha na ƙarni na 9, yana da nisan kusan kilomita 40, matakalarsa kuma ba ta gwiwar Inna ba ce. In ranku bai kwanta da wurin gumaka ba ma, ba dole. Bakin tekun Parangtritis a tsaya daga tudu, igiyar ruwansa na ja, kada yaro ya sa ƙafa. Akwai kuma motocin jif da ke kai baƙi ƙauyukan da dutsen ya ƙone, har da wani gida da aka mai da wurin tarihi, inda agogon bango ya narke ya tsaya a kan lokacin da abin ya faru. In kana so ka je kai da babban yaron, amma girgizar motar da abin da za a gani duk ba na Inna ba ne.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Musulmi ne mafi rinjaye, shinkafa ce safe da rana da dare, akwai tsirensu da suke kira sate, har da na akuya da ake soke wa a ƙarfen wilin keke. Sai dai mutanen garin akwai son zaƙi: shahararren abincinsu gudeg da madarar kwakwa da wani sukari mai kama da mazarƙwaila ake dafa shi, shayinsu ma sai ka ce a rage. Ruwan gora kawai za ku sha. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka man sauro da safe ake shafa wa yara, ba da dare kaɗai ba. Agusta rani ne a wajensu, zafin bai kai na Haɗeja a watan Afrilu ba, amma mai ɗanshi ne, zufa ba ta bushewa.

Wannan ranin nasu kuwa shi ne tsakiyar daminarmu, kuma a nan Baffa ya shigo. Da Inna ba ta sauke farali ba, da bayansa zan bi ba tare da na yi dogon tunani ba. Tunda ta sauke, kuɗinka ne na halal, kuma faranta wa uwa da sada zumunci ba almubazzaranci ba ne. Amma dattijo in ya ce almubazzaranci, sau da yawa abin da yake tambaya shi ne: ka ware kuɗin taki? Ka ajiye jarin riɗin baɗi? Wa zai duba gona in ruwa ya taso kana wata duniya? Ka je gidansa da lissafinka a hannu, ka nuna masa abin da ka ware wa noma da jari da cefanen gida, ka ce abin da ya yi saura ne za a yi tafiyar da shi. In ka ga lissafin ba ya tsayuwa sai an taɓa jari ko an ci bashi, to Baffa ya fi ni gaskiya, ka rage mutane. Sannan ka roƙe shi ya riƙe maka gona da gida har ka dawo. Wanda aka damƙa wa amana ba ya zama a majalisa yana sukar tafiyar.

In Inna ta ƙi, ko likita ya hana, ko bizarta ta maƙale, ba a rasa komai ba. Kai da maiɗakinka ku je ku tsaya wa auta, yara su zauna wurin kakarsu, ranar bikin a kira ta da bidiyo. Ko kuma ka ba Inna zaɓi da bakinka tsakanin wannan tafiya da Umra, ka karɓi duk wanda ta ɗauka ba tare da ɓata fuska ba. Ai auta gida za ta dawo bayan bikin. A yanka rago, a tara dangi da maƙwabtan da suka sayi ƙuli-ƙulin nan shekara da shekaru, ta sa rigar digirin a tsakar gida ta durƙusa gaban Inna. Wataƙila ma wannan ne bikin da tsohuwar ta fi so, ba wanda ya tambaye ta ne kawai.

In kuwa Allah ya yi tafiyar da ita, ka gaya mata tun a gida cewa alƙiblar can yamma take, ta ɗan karkata arewa, don kada ta yi gardama da kibiyar da za ta gani a rufin ɗaki. Shafi'iyya ne akasarinsu, za ta ji liman ya bayyana bisimilla, za ta ga mata cikin fararen lulluɓin salla har ƙasa. Ka rubuto mini abin da ta ce bayan kiran bidiyon, da abin da likita ya gani.